Idan Waya Ta Maƙale Cikin Jijiyar Zuciya

Mu mutanen Bengu mun san aikin lambu. Idan hanyar ruwa ta toshe, shuka takan bushe. Haka zuciya take. Tana da ƙananan jijiyoyi masu kai mata jini. Kitse yakan taru a cikinsu har su toshe. Sai mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, gumi ya karyo masa, ciwon ya sauka hannun hagu.

A shekarar 1977 wani likita mai suna Andreas Grüntzig ya fara buɗe irin wannan jijiya da ƴar balan-balan, a birnin Zurik. Ana shiga ta jijiyar hannu ko ta cinya, a zura siririyar waya har zuciya. A hura balan-balan, sannan a bar ƴar ragar ƙarfe ta riƙe hanyar a buɗe.

Akasari aikin yana tafiya lafiya. Amma wani lokaci jijiya takan yi tauri kamar dutse, waya ta maƙale, ko ta tsinke. Hatsarin shi ne jini ya daskare a wurin, hanya ta sake rufewa.

To, me likita zai yi? Ba ya fizga da ƙarfi, domin jijiya tana iya yagewa. Yakan zura siririn bututu bisa wayar, ya saki inda ta kama. Idan ta tsinke, sai ya sa ɗan zarge ya kamo guntun, kamar yadda muke ciro guga daga rijiya da ƙugiya. Ƙaramin guntu kuwa ana iya danne shi jikin jijiya da raga. In duk an kasa, sai tiyata. Shi ya sa ake wannan aiki a manyan asibitoci kawai.

Ƴan uwa, ga namu aikin. Mu auna hawan jini. Mu bar taba. Gishirin Foga arzikinmu ne, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Wanda aka sa wa raga, kada ya daina shan maganinsa sai likita ya ce. Mai ciwon ƙirji kuwa, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibitin Gaya nan take.