Barin Taba Ba Tare da Tara Teɓa Ba

Tun lokacin da ganyen taba ya ƙetaro teku daga ƙasashen Amurka ya shigo Afirka ta Yamma, malamanmu ba su gushe ba suna tattauna hukuncinsa, har Shehu Ahmadu Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya yi fatawa da halaccinsa matuƙar bai gusar da hankali ba, Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi kuwa ya wallafa littafi a kan haramcinsa. Sai dai da yake a zamaninsu ilimin likitanci bai kai ga gano abin da hayaƙin nan yake aikatawa a huhu da jijiyoyin jini ba, galibin hujjojinsu sun kewaya ne a kan maye da wari da tozarta dukiya. A yau kuwa, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar taba tana hallaka mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, mafi yawan malamai sun karkata ga hani, mashayin kansa ma ba ya musun illarta. Mas'alar da ta rage, wadda ba a cika taɓawa ba a wa'azi ko a asibiti, ita ce halin da jiki yake shiga bayan mutum ya yi azama ya yar da karan ƙarshe.

Wanda ya san Unguwar Dosa ta Kaduna, da majalisunta na bayan sallar isha'i a gefen College Road da lungunan da suke ɓullewa wajen Kawo, ya san teburin mai shayi da tiredar mai sigari ba sa nisa da juna. Ko da yake dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, har gobe magidanci yakan miƙa canjinsa a ba shi kara ɗaya, ya kunna, ya zauna a benci. Abin ya daɗe da zama a wannan yanki, domin tun 1959 aka buɗe masana'antar sigari a Zariya. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna baligai kimanin miliyan 3 ne suke busawa, kusan dukkansu maza. To, ranar da ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ya tuba ya bar taba, ba ya barin benci, ba ya barin abokan hira. Hannun da ya saba miƙa wa mai tireda shi ne zai juya ga mai shayi, ya ce a yi masa haɗin kauri, a soya indomi da ƙwai biyu, a yanko burodi. Nan ne asalin al'amarin.

Likitoci sun auna wannan abu da ma'auni. A 2012 mujallar likitocin Ingila, BMJ, ta tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, aka ga cewa wanda ya bar taba yakan ƙara nauyin kilo 4 zuwa 5 a cikin shekarar farko, kuma kusan kilo guda-guda yake hawa a kowane wata cikin watanni uku na farko, daga nan abin ya lafa. Amma mutane ba ɗaya suke ba: kimanin 16 cikin 100 ramewa ma suka yi, 13 cikin 100 kuwa suka haura kilo 10. Fa'idar wannan ƙididdiga ita ce ƙibar ba hukunci ba ce da ya hau kan kowa, kuma lokacin da ya fi buƙatar lura gajere ne, sananne.

Sabubban ƙibar kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, sinadarin nikotin da yake cikin taba yana iza jiki ya ƙona abinci fiye da ƙa'idarsa, har an auna cewa mai shan kwali guda ko fiye a yini yana ƙona ƙarin kalori wajen 200, wato kwatankwacin abin da yake cikin kwalbar lemo ta rabin lita. Ranar da nikotin ya yanke, wannan rarar sai ta zauna a jiki. Na biyu, masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna a 2011 cewa nikotin yana taɓa wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa da ƙoshi, ya sa mutum ya ji ya ƙoshi alhali cikinsa bai ɗauki komai ba. Saboda haka idan ya bari, yunwar da aka daɗe ana dannewa sai ta taso gaba ɗaya. Na uku, cikin 'yan kwanaki hanci da harshe sukan farfaɗo, mutumin da ya shekara goma yana cin miyar kuka ba ya jin daddawarta sai ya wayi gari yana neman ƙari. Na huɗu kuma, wanda ya fi sauran wuyar sha'ani, shi ne sabo: hannun da yake zuwa baki sau da yawa a yini ba ya yarda ya zauna haka nan, sai ya nemi alewa, ko cincin, ko soyayyar gyaɗa.

A nan mutane sukan kasu biyu, kowane kashi da kuskurensa. Akwai wanda da zarar ya ga wando ya matse sai ya koma ga taba, yana cewa ita ce take riƙe masa jiki. Wannan tunani kamfanonin sigari ne suka shuka shi, domin tun wajen 1928 masu Lucky Strike suka riƙa tallata wa matan Amurka cewa su kunna sigari maimakon su sha zaƙi. Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai an ɗauki ɗaya, to mafi sauƙi ake ɗauka. Ma'aunin likitoci kuwa ya bayyana wacce ce mafi sauƙi. Binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Ingila, wanda Richard Doll ya jagoranta, ya nuna mashayin da ya zarce yana hasarar kimanin shekara 10 na rayuwa, wanda ya bari yana ɗan shekara 40 kuwa yakan tsira da wajen 9 daga cikinsu, mai shekara 50 da wajen 6. Wani binciken na 2013 ya nuna haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi ga wanda ya bari, ko da ya yi ƙiba. Balle ma ramar mashayi yaudara ce, domin taba tana tura kitse ya taru a cikin ciki, tana kuma ƙara haɗarin ciwon suga da kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Kuskure na biyu shi ya fi yawa a wajenmu, kasancewar Bahaushe bai ɗauki ƙiba aibi ba. Mutum ya bar taba, bayan wata biyu kumatu sun ciko, wuya ya yi kauri, sai 'yan majalisa su tarbe shi da “Kai, Alhaji, ka murmure! Lalle uwargida tana ƙoƙari,” shi kuma ya yi murmushi ya ce “Alhamdu lillahi,” ya ƙara ba da odar tsire. Murmurewa gaskiya ce, ni'ima ce kuma abar godiya. Amma tsakaninta da teɓa akwai iyaka, wadda idan aka ƙetare ta sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna waɗanda suka yi ƙiba mai yawa bayan barin taba haɗarin ciwon suga yakan hau musu na wasu shekaru kafin ya sauko, duk da cewa ribar tsawon rai tana nan ba ta gushe ba.

Abin da yake ƙara ɓoye wannan iyaka shi ne suturarmu. Mai ɗaura bel yakan san halin da yake ciki ranar da ya matsa daga wannan huda zuwa waccan, amma wandon zariya ba ya tona asirin kowa, kaftani da babbar riga kuwa rufi ne a kan rufi, sau da yawa magidanci ba ya farga sai ya kai ɗinkin Salla, tela ya zagaya masa tef a ciki, ya duba tsohon awon da yake cikin littafinsa, ya ɗaga kai ya ce, “Yallaɓai, sai fa an ƙaro yadi.” Don haka ya kamata mai niyyar bari ya hau sikeli tun ranar farko, a kemis ko a asibitin unguwa, ya rubuta, ya riƙa komawa mako-mako, ya kuma auna cikinsa daidai wajen cibiya. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.

Sai maganar abin da za a sa a gurbin sigari, wadda ita ce zuciyar lamarin. Sha'awar taba idan ta taso ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, kuma tsananinta a makon farko yake, ya riƙa sassauci cikin mako uku zuwa huɗu. Abin da ake nema shi ne a shagaltar da baki da hannu har guguwar ta wuce. Asuwaki ya dace da wannan aiki ƙwarai, ga lada ga tsabta, ga shi kuma a tsakanin yatsu yake zama. Carbi ma haka. Wanda dole sai ya tauna wani abu, to gauta da yalo da karas da kokwamba suna nan a tire a bakin hanya da kasuwar Kawo, ba su da wani nauyi a jiki, alhali giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550. Sukari kuwa shi ne ɓarawon da ba a jin shigarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kwalbar lemo guda ta rabin lita kuma ta cinye wannan kason duka, kafin a zo ga zoɓo da kunun aya da madarar gwangwani. Ba a ce mutum ya ƙaurace wa mai shayi ba. Ya ce masa dai, “Malam, ruwan bunu, sukari cokali ɗaya,” ya kuma ci tuwonsa a gida kafin ya fito, domin kada hira ta zama cin dare na biyu.

Akwai wata faɗakarwa ga ma'abota goro da shayi mai ƙarfi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin kawar da sinadarin kafeyin da yake cikinsu, saboda haka idan aka bar taba, goron da mutum ya saba ci ba tare da ya ji komai ba sai ya riƙa daɗewa a jininsa, ya hana shi barci, ya sa masa faɗuwar gaba. Shi kuwa ya zaci rashin sigari ne, ga shi kuma rashin barci yana buɗe ciki. Maslaha ita ce a rage goro da shayi, musamman daga la'asar zuwa dare.

Motsa jiki shi ne abu guda da yake maganin matsalolin biyu a lokaci ɗaya, domin tafiya da sauri tana kwantar da sha'awar taba nan take, tana kuma ƙona abin da nikotin ya daina ƙonawa. Abin da likitoci suka ƙayyade shi ne minti 150 a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar. Masu hali sukan tafi Dandalin Murtala da sassafe, amma ba sharaɗi ba ne. Wanda ya zaɓi masallaci mai ɗan nisa don sallar asuba da la'asar, ya sauka daga Keke tun kafin a kai ƙofar gidansa, ya taka zuwa Kawo da ƙafa maimakon ya hau babur, ya cika wannan adadi bai biya ko kwabo ba.

Sai dai a kiyayi wuce gona da iri. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya haɗa barin taba da horon yunwa mai tsanani yana iya rasa duka biyun. Abin da ake so shi ne tsaka-tsaki, irin wanda Sunna ta koyar na raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi: a ci sau uku a kan lokaci, a yawaita wake da zogale da rama da kifi, a rage man da ake kwararawa a shinkafa, tun da babban cokali guda na mai ya kai kalori 120. Watan Ramadan dama ce babba, domin wanda ya iya haƙuri daga alfijir zuwa faɗuwar rana ya riga ya ci rabin yaƙin. Amma faifan buɗa-baki mai ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi yana iya mayar da ribar hasara idan aka yi israfi. Wanda abin ya fi ƙarfinsa kuma kada kunya ta hana shi ganin likita, a Asibitin Barau Dikko ko wani, domin akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin, da wasu ƙwayoyi da likita kaɗai yake rubutawa, waɗanda suke sauƙaƙa bari, suna kuma jinkirta hawan nauyi muddin ana amfani da su. Mai ciwon suga ko hawan jini ya wajaba ya sanar da likitansa, don wani lokaci akan sake daidaita masa magani. Shisha da taba gari kuwa ba mafita ba ne. Taba ce dai ta sake riga.

Iyali da abokai suna da kaso a cikin wannan jihadi na nafsu. Uwargidan da ta yi murnar tubar maigida, kyautatawar da za ta yi masa ita ce ta ƙara ganye a miya ta rage mai, ta ajiye masa gwanda da kankana a madadin cincin. Abokin da ya saba miƙa masa kara kuma ya raka shi tattaki. Idan bayan duk wannan shekara ta zagayo mutum ya tarar ya ƙara kilo 2 ko 3, to ya gode wa Allah, domin ya sayi lafiyar huhunsa da zuciyarsa da araha, kuma numfashin da ya dawo masa shi ne jarin da zai sauke wannan ɗan nauyi da shi a shekara ta biyu.