Inshorar Tsofaffin Motocin Masana'antun Kano

Mafi yawan motocin da ke jigilar kaya a Sharaɗa da Challawa da Bompai sun daɗe da wuce ƙuruciya. Akwai tsofaffin DAF da MAN da aka shigo da su gwanjo daga Turai, akwai Marsandi 911 da ta ƙi mutuwa, sannan ga Howo ta China da ta shigo daga baya. Su ke kwasar fata daga majemun Challawa, da robobi da tabarmi daga Sharaɗa, da buhunan shinkafa da man girki zuwa kasuwar Singa da garuruwan maƙwabta. Da wuya a sami wadda take yadda kamfaninta ya ƙera ta. Wata an tsawaita mata shasi, wata an ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta, wata injinta daga Ƙofar Ruwa aka sayo, bodinta kuwa mai walda ne ya haɗa. A nan ne rigimar inshora take farawa.

Tun dokar 1945 aka wajabta wa duk motar da za ta hau titi a Najeriya inshorar ɓangare na uku, wato wadda ke biyan diyya ga wanda motar ta yi wa ɓarna, ba ga mai motar ba. Hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora tun 1997, ita ce ke tsayar da farashi. Daga 1 ga Janairun 2023 kuɗin motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, diyyar dukiyar da aka lalata kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da kamfani ke ɗaukar kayan kansa da ita tana biyan 20,000, babbar motar haya kuwa 100,000, dukansu da diyyar dukiya har miliyan 5. Shekarun mota ba sa shiga wannan lissafi: tsohuwa da sabuwa kuɗinsu ɗaya. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsaurara binciken takardar a faɗin ƙasa.

Matsalar wannan nau'i ita ce jabu. Shekara da shekaru 'yan kamasho a bakin ofisoshin lasin suna haɗa wa mutane takarda mai hatimi wadda babu wani kamfani a bayanta. Tana iya wuce shingen bincike, amma ranar da tirela ta ƙwace ta afka wa shago, babu mai biyan ko kwabo. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta NIA tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake duba sahihancin takarda da lambar mota kawai.

Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan haɗari da gobara da satar motar kanta, lissafinta daban ne. Ƙa'idar 2023 ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato motar miliyan 20 za ta biya aƙalla miliyan 1 duk shekara. Kamfanoni da dama ba sa marmarin tsohuwar mota. Wasu sai injiniyansu ya duba ta, wasu su ƙara kuɗi, wasu su ƙi gaba ɗaya. Ko sun karɓa, abin da suke biya shi ne darajar motar a kasuwa ranar da abin ya faru, ba kuɗin da mai ita ya narkar a kanta ba. Idan aka sa sabon kayan gyara a gurbin tsoho, sukan ce mai mota ya cika wani kaso, tunda motar ta fi yadda take a da. Akwai kuma wani adadi na farko da kullum shi zai ɗauka daga aljihunsa.

Faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta ƙara dagula lamarin. Motar da aka rubuta a miliyan 10 tana iya kai miliyan 20 yau. In ba a sabunta darajar ba, kuma yarjejeniyar tana da sharaɗin biya gwargwadon kaso, ɓarnar miliyan 4 za ta koma diyyar miliyan 2.

Babban tarkon dai shi ne sauye-sauyen da ba a faɗa ba. Yarjejeniyar inshora a kan gaskiya take tsayuwa: duk abin da zai canja girman haɗari dole ne a sanar da kamfani. Shasin da aka yanka aka yi wa ƙari yana iya tsagewa a wurin waldar. Ƙarin sifirin yana sa mota ta ɗauki nauyi, amma birkinta na nan yadda yake. Injin da aka sauya, lambarsa ba za ta yi daidai da ta takarda ba, kuma wannan ne abu na farko da mai tantance ɓarna zai leƙa. Bodin da aka ƙera da miliyoyi, in ba a rubuta shi ba, kamar babu shi ne. Sabon babi shi ne mayar da mota ta yi aiki da iskar gas, wanda ya yaɗu bayan cire tallafin fetur a 2023. Fashewar da ta auku a wani gidan gas na birnin Benin a Oktoban 2024, wadda aka danganta da tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba, ta nuna dalilin da ya sa shaidar cibiyar yin wannan sauyi da gwamnati ta amince da ita take da muhimmanci.

Kayan da ke cikin mota ba sa ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin nau'o'in biyu. Suna da tasu inshorar ta jigila. Ga masu ƙyamar inshora saboda riba da garari kuwa, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, wadda kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisinta a 2016. Sharaɗin faɗin gaskiya a can ma yana nan.

Tsohuwar motar da darajarta ba ta taka kara ta karya ba, sahihiyar inshorar ɓangare na uku takan wadatar da ita. Wadda aka kashe wa kuɗi mai yawa kuwa, ya kamata mai ita ya adana rasit da hotuna, ya gyara takardunta su dace da lambar inji da ta shasi, sannan ya sa kamfanin ya rubuta kowane sauyi a cikin yarjejeniya kafin ya biya kuɗin shekara.