Tafinta, Mai Cin Abinci Tsakanin Baki Biyu

A wasu makarantu da jami'o'in Legas da Abuja, ɗalibai kan yi wani zama na kwaikwayo. A jera kujeru, a kafa wa kowa ɗan allo mai sunan ƙasa a gabansa, wannan Sin, wancan Masar, waccan Ghana, a ce yau ku ne Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai a yi kwana biyu ko uku ana muhawara a kan 'yan gudun hijira, da karatun 'ya'ya mata, da ko ya dace a tura dakarun kiyaye zaman lafiya ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Daga ƙarshe a rubuta ƙuduri, a kaɗa ƙuri'a, a raba kyaututtuka. Al'adar ta faro tun shekarun 1920, lokacin da ɗaliban Ingila da Amurka ke kwaikwayon tsohuwar majalisar ƙasashe da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A irin wannan zaure kowa jakada yake son zama. Kujerar tafinta ce kaɗai ba a ajiyewa, tunda kowa Turanci yake yi.

A majalisar ta gaskiya kuwa, mai ƙasashe 193, ba a buɗe taro sai tafintoci sun zauna. Harsuna 6 ake aiki da su: Larabci, Ingilishi, Faransanci, Sinanci, Rashanci da Sifaniyanci. Tafintocin na cikin ɗakunan gilashi bibbiyu ko uku-uku, suna karɓar juna kusan duk rabin awa, domin kai ba ya ɗaukar fiye da haka. Babu Hausa a cikin shidan. Amma idan ƙudurin ya bar can ya rikiɗa ya zama buhun abinci da allura da tanti, ya iso ƙasar Sakkwato, tilas ya bi ta bakin wani ɗan gida kafin ya shiga kunnen wadda aka yi dominta.

Yaron da ya tashi a Lambara, tsakanin ƙasar Boɗinga da ta Shagari, bai kamata ya ga zauren nan ya yi masa nisa ba. Maƙwabcinsa ne, Shehu Shagari, malamin makaranta, ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya kuma tura Maitama Sule ya wakilci Nijeriya a majalisar. Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga 2004 zuwa 2009, shi ya jagoranci Babban Taron majalisar a 2019. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ma, kafin ya hau gado a 2006, soja ne da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya da rundunar ECOMOG a Saliyo. Sai dai irin waɗannan kujeru ba su da yawa. Ƙofar da ta fi buɗewa ga ɗan talaka mai Turanci a baki da Hausar gida a kunne ita ce tafintanci, kuma sana'a ce cikakkiya, da jarinta da kayan aikinta da ranar asararta.

Ɗanyen kayan tafinta kalmomi ne, kuma ba a saye su a shago. Da farko yakan tsince su a ɗakin tsohuwarsa da bakin rijiya da rumfar mahauta ran kasuwa. Rumbu na biyu masallaci ne. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya ga tafintanci tsantsa: mai jan baƙi ya ja aya, ya tsaya, malam ya juya ta zuwa Hausa, a sake ja. Tsarin nan na a faɗa a dakata a fassara shi ne dai tafinta ke bi a asibiti da kotu. Yankin ma ya daɗe da sanin aikin harshe biyu. A Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma malaman da ke tare da shi da Larabci suke rubutu, su karantar da jama'a da Fillanci da Hausa.

Rumbu na uku rediyo ne. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, masu fassarar labarai ke ƙera wa duniya sunaye da kayan gida. Dubi takunkumi, abin da ake ɗaure wa dabba a baki, yadda ya koma hukuncin da ake ƙaƙaba wa ƙasa. Dubi hawa kujerar na-ƙi, ikon da ƙasashe 5 ke da shi a Kwamitin Sulhu mai kujeru 15. Ni dai a ganina wannan ta fi kalmar da aka fassaro ta armashi, don kana jin ta kana ganin mutumin ya harɗe ya kumbura fuska. Tsagaita wuta, agajin jinƙai, shiga tsakani, duk tafinta na kwashe su yana zubawa a littafinsa. Turancin kuma daga makaranta yake zuwa, kuma a nan muhawarar ɗalibai ke da ranarta. Yaron da ya saba tsayawa gaban jama'a yana kare ra'ayin da ba nasa ba ya riga ya koyi rabin sana'ar, domin tafinta kullum maganar wani yake ɗauka, ko ya yarda da ita ko bai yarda ba.

Kayan aikin ba su da nauyi: littafin rubutu, biro biyu, waya mai caji, da ƙamus. Masu hali suna da na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ke cin kuɗi shi ne data, da cajin waya, da kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kafin a biya shi ko kwabo, tafinta ya riga ya ciyar da aikin daga aljihunsa.

Aikin kansa ya fi fitowa fili a gaban likita. Baƙo ya yi tambaya, tafinta ya juya wurin tsohuwar da ta riƙo yaro ya ce, "Inna, mi as same shi?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗana." To, a nan sabon shiga ke faɗuwa. Zai gaya wa likita jiki ya yi kyau, alhali Bahaushe ko yana kan gargara da sauƙi zai ce. Gwani yakan fassara maganar yadda aka faɗe ta, sa'an nan ya ƙara da cewa wannan amsar gaisuwa ce, bari a sake tambaya. A tambayi uwa sunan yaro ta sunkuyar da kai ta yi shiru, baƙo ya ɗauka ba ta gane ba, nan kuwa ɗan fari ne, kunya ta hana ta kama sunansa, sai a nemi wata a gefe ta faɗa. A tambaye ta haihuwa nawa, ta ce shida, biyu sun koma. Wanda ya fassara komawar nan kai tsaye ya sa an rubuta yara biyu sun tafi wani gari, alhali suna kabari. Shekaru ma ba a kawo su da lamba. Sai a ce an haife shi da kaka, shekarar da ruwa ya ci gari, tafinta ya zauna ya yi lissafi.

Ga kuma tarkon sunayen cututtuka. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma take tallafa masa tun 2014. Cuta ce mai cinye kunci da leɓen ƙananan yara, musamman masu fama da yunwa. Sunan nata na likitoci ya yi karo da noman gona, har mutumin ƙauye ya ji asibitin noma ya yi tsammanin na manoma ne. A gida wasu ciwon iska suke ce mata, wasu ciwon daji, ciwon daji kuwa a bakin rediyo sankara ce. Shawara tana iya zama ta bayar da ra'ayi, tana iya zama mai sa ido ya yi rawaya. Shan inna a cikin sunansa akwai bayanin wadda ake zargi da shanye ƙafar, don haka mai kawo ɗigon rigakafi yana jayayya ne da kalmar kanta tun kafin ya buɗe akwatin sanyi. Da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, sai da aka sami masu iya gaya wa iyaye cewa ƙurar dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida ita ce ajalin, kuma a faɗe ta yadda ba za a ji kamar zagi ba.

Hausar ma ba ɗaya ba ce. Bakano ya ji ɗiya, 'ya mace ce a wurinsa. Basakkwace da ɗan sauyin murya yana nufin 'ya'ya duka. Shi ya sa ɗan Lambara da ya tashi da hwara da lahiya da shina zuwa ya fi wanda aka ɗauko daga nesa daraja a wannan yanki, ko da takardar wancan ta fi kauri. In yana jin Fillanci, kasuwarsa ta ninka. Tsallaken iyaka kuma Faransanci ake nema. Da dubban mutane suka tsere daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi a 2019, Hausa ɗaya suka tarar a can, amma takardun rajistar da Faransanci ake cika su.

Sayarwa iri-iri ce. Mai fita daji da ƙungiyoyin agaji kuɗin yini ake ba shi, wani lokaci da na abinci da makwanci, ko a ɗauke shi kwantiragin wata uku ko shida. Fassarar takarda da shafi ake ciniki ko da yawan kalmomi, kuma sau da yawa aikin ya bi ta hannun ɗan kwangila, wanda zai yanki nasa kafin ya miƙo saura. Tafintan kotu ɗan albashi ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a samo masa mai fassara kyauta idan ba ya jin harshen kotu, to amma kujerar ta ƙaramin ma'aikaci ce, ga shi kalma guda daga bakinsa na iya ƙara wa mutum shekaru a kurkuku. Mai aikin yini kuwa kamar manomi yake, yana da damina yana da rani. Wata guda ya yi ta fita har muryarsa ta dushe, wata biyu waya ta yi tsit. Da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairun 2025, ayyuka da dama suka tsaya, kuma ɗan kwantiragi ne ake fara sallama. Masu dabara suna haɗawa da koyarwa, ko gona, ko rubuta wa mutane takardun neman aiki.

Akwai wahalar da ba ta shiga lissafin kuɗi. Sunan sana'ar kansa daga Turanci aka aro shi, kuma ya zo da tabo tun zamanin Turawa, lokacin da talaka ke ganin hukuncinsa na fitowa daga bakin wani mai tsaye kusa da Bature. Tsofaffi har yau suna ba da labarin tafintocin da suka juya magana don toshiyar baki. An manta da irin su Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Bature matafiyi Barth zuwa Turai a 1855, ya taimaki wani Baturen mai suna Schön wajen rubuta Hausa, ya ƙare yana koyarwa a Kano. Zargin bai mutu ba. A gabashin Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni, wanda aka gani yana shiga tsakanin baƙi da mutanen gari, ko tsakanin Bahaushe da Bafillace a zaman sulhu, yana iya wayar gari an laƙaba masa infoma. Baƙon zai hau mota ya tafi. Shi a nan zai kwana, a nan iyalinsa suke. Ga 'yan uwa da ke ganin tunda yana tsaye kusa da mai rubuta sunaye, laifinsa ne in sunansu bai fito a rabon kaya ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda ka zaro a madadin wani.

Yanzu kuma ga na'ura. Tun 2013 Google ke fassara Hausa, kuma ta rage wa masu fassarar takardu ciniki, har wasu sun koma gyaran abin da ta yi a kan rabin lada. A rubutacciyar Hausar jarida tana ƙoƙari. Ban ga ranar da za ta zauna a tabarma gaban hakimi ta fara da ranka shi daɗe, ta jira a gama gaisuwa kafin ta kawo abin da ke tafe da baƙi ba.

Tambayar da ta fi ba tafintocin sansanin gudun hijira wuya ita ce ta halin da zuciya ke ciki bayan an ga tashin hankali. Takardar ma'aikacin agaji kalma guda gare ta. In tafinta ya ce lafiyar ƙwaƙwalwa, an ji hauka, an rufe baki. In ya ce damuwa, kowa na da ita, wa ya rasa? Sai ya yi ta gwaji, firgita, ƙuncin rai, faɗuwar gaba, yana rubutawa a bayan littafinsa yana sokewa. Da yawa daga cikinsu sun gano cewa gara a bar sunan a bi ta gefe. Ya rage murya ya ce, "Inna, kina samun kwana da dare?" Ta yi shiru, ta gyara lulluɓi, sa'an nan ta fara daga daren da babura suka shigo gari. Ba ya katse ta. Yana ɗiga alamomi a takarda, sunan ƙauye, adadin shanu, wanda aka tafi da shi, baƙon na gefe yana jira da biro a hannu. Idan ta kai aya, sai ya juya ya fara da "ni", domin ƙa'idar aikin ke nan, da bakinta zai yi magana: ni na ji ƙarar, ni na goya ƙaramin, ni na bar babban a baya.