Asarar Da Ba A Rubutawa A Littafin Ciniki

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi yana da littafin da yake rubuta shige da ficen kuɗinsa, kama daga kuɗin haya da na mota har zuwa la'adar dillali da ladan 'yan dako. Amma akwai wata asara da ba kasafai ake buɗe mata shafi ba, alhali kuwa takan cinye riba, wani lokaci ma ta haɗa da uwar kuɗi. Wannan asara ita ce ta rashin lafiya, ko ta maigida, ko ta iyalinsa, ko kuma ta yaran shagonsa.

Masana tattalin arziki sun kasa wannan asara gida biyu. Akwai ta fili, wato kuɗin ganin likita da gwaji da magani da gado. Akwai kuma ta ɓoye, wato ranakun da shago ya wuni a rufe, da abokan cinikin da suka koma maƙwabta, da kayan gwari da suka ruɓe kafin mai su ya miƙe. A Nijeriya asarar fili tana da nauyi ƙwarai, domin fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Ga ɗan kasuwa kuwa, aljihu da jari abu ɗaya ne.

Waɗanda suka manyanta ba za su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da annobar sanƙarau ta ratsa jihohin Arewa, ta kama mutane fiye da 100,000, ta kuma hallaka sama da 11,000. A sakamakon haka hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin Hajjin wannan shekara. Baya ga baƙin cikin rasa sauke farali, masu jigilar alhazai da 'yan canji da duk wanda abincinsa ya rataya a kan wannan lokaci sun ji a jikinsu. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa ne ta numfashi da tari, musamman a lokacin rani, sa'ad da ƙura ke busar da hanci da maƙogwaro, mutane kuma suka cunkushe a ɗaki guda babu taga. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kuma tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Allurar MenAfriVac da aka fara amfani da ita a Afirka ta Yamma a 2010 ta karya lagon nau'in cutar da ya yi ɓarna a 1996, amma wani nau'in ya ɓulla a 2017, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta soma yi wa jama'arta sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar.

Idan sanƙarau baƙo ne mai zuwa jefi-jefi, zazzaɓin cizon sauro ɗan gida ne. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya suke. Macen sauro ce ke ɗauko ƙwayar daga jinin mai ciwo ta zuba wa mai lafiya, kuma a ruwan da ya kwanta take yin ƙwai, irin na kududdufi da tsofaffin tayoyi da magudanun kasuwa da suka toshe. Alal misali, a ɗauka mai masana'anta yana da ma'aikata 10, kowannensu ya kwanta sau biyu a damina, kwana uku-uku. Ya yi asarar ranakun aiki 60 ke nan, ban da kuɗin magani. Kuɗin gidan sauro 10 bai kama ƙafar wannan ba. Tun 2005 gwamnati ta sauya maganin kulorakwin da haɗin magunguna masu sinadarin atimisinin, saboda ƙwayar ta daina jin na farkon. Abin da ya kamata shi ne a yi gwajin jini kafin a sha magani, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A watan Disamba na 2024 kuma aka soma yi wa yara allurar rigakafinsa a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Haka zalika cutar kwalara, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a ƙasar nan a 2021, ta kuma kashe sama da 3,000, tana bin ruwa da abincin da najasa ta gurɓata. Kasuwar da ba ta da makewayi mai kyau da ruwan wanke hannu tana gayyatar ta da kanta. Abin da ke kisa a cikinta shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka ruwan gishiri da sukari da ake sayarwa a ƙunshi yana ceton rai idan aka fara ba da shi nan take, a hanyar zuwa asibiti.

Sai dai cututtukan da suka fi yi wa manyan 'yan kasuwa illa su ne waɗanda ba sa zuwa da hayaniya, wato hawan jini da ciwon suga. Mutum yana iya shekaru da hawan jini bai ji ko ciwon kai ba, sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta gaza. Likitoci suna ɗaukar awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a matsayin hawan jini. Gado yana da nasa rabo, amma rayuwar kasuwa tana ƙara wa wutar makamashi: wuni a zaune, abinci mai yawan mai da gishiri da dunƙulen miya, lemon kwalba a kan kowane ciniki, da ƙarancin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ciwon suga kuwa yakan nuna kansa da yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama da gyambon da ya ƙi warkewa. Waɗannan cututtuka biyu lallaɓa su ake yi har ƙarshen rayuwa, kuma wanda ya daina shan magani don ya ji sauƙi ya buɗe wa kansa ƙofar wankin ƙoda, wanda ake maimaitawa sau biyu ko uku a kowane mako.

A nan ne hatsarin ya fi girma ga kasuwanci irin namu, inda sau da yawa mutum ɗaya ne ya san wanda ake bi da wanda ke bin bashi, kuma amana da baki ake ƙulla ta. Ranar da irin wannan maigida ya faɗi, jarin shekara talatin yana iya watsewa cikin 'yan watanni.

Mafita tana hannun 'yan kasuwa fiye da yadda suke zato. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, kuma ƙungiyoyin kasuwa, daga Kantin Kwari da Dawanau har zuwa Sabo ta Ibadan da Mile 12 a Legas, sun daɗe da sanin adashi da taimakon juna, don haka shigar da mambobinsu rukuni guda ba zai gagare su ba. Suna iya ajiye na'urar awon jini a ofishin ƙungiya, su yashe magudanu kafin saukar damina, su kuma guji maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC. Shi kuma maigida ya rubuta basussukansa, ya koya wa wani sirrin harkarsa tun yana da ƙarfi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A lissafin kasuwa ma ya fi shi araha, kuma mai hankali zai ware masa kasonsa a farkon shekara kamar yadda yake ware kuɗin haya.