Shin Ko Kun San? Zonda, Motar da Aka Gasa a Tanda

Shin ko kun san cewa Pagani Zonda, motar da attajiran duniya ke rububi a kanta, ɗan mai gidan burodi ne ya ƙera ta? Sunansa Horacio Pagani, haifaffen garin Casilda na ƙasar Ajantina a 1955. A farkon shekarun 1980 ya tattara ya nufi Italiya, yana riƙe da takardun shaida daga hannun Juan Manuel Fangio, zakaran tseren Formula 1 har sau 5. Kamfanin Lamborghini ya ɗauke shi a kan ɗan ƙaramin aiki.

Ko kun san hana shi abu aka yi ya zama mai gidan kansa? Ya nace wa shugabanninsa su sayi wata irin tanda ta gasa zaren kabon, suka ce a'a. Bai yi fushi ya zauna ba, ya je banki ya ci bashi ya sayi tasa. Ga yadda aikin yake: a shimfiɗa ƙyallen kabon mai danƙo a cikin mazubi, falle kan falle, da hannu, a rufe a zuƙe iskar ciki tas, sannan a tura cikin tandar ta gasu da zafi da matsi. Abin da zai fito ba nauyi, ga ƙarfin tsiya. Gado dai bai faɗi ƙasa ba: uba na gasa burodi, ɗa na gasa mota.

A 1992 ya kafa kamfaninsa kusa da Modena, amma sai a 1999, a bajekolin motoci na Jeneba, aka ga motar farko, Zonda C12. Shekara bakwai a kan mota ɗaya! Guda 5 kacal aka yi ta wannan samfurin, kuma ɗaya daga ciki bango aka maka ta da gangan don gwajin haɗari.

Ko kun san ba Zonda aka so raɗa mata ba? Fangio F1 ne sunan da aka tanada. Da Fangio ya rasu a 1995, Pagani ya janye sunan don girmama shi, ya aro na wata busasshiyar iska mai zafi da ke gangarowa daga tsaunukan Andes.

Injin kuwa na Jamus ne: mai silinda 12, daga Mercedes-Benz. In kun ga bayan mota da bakin salansa huɗu a dunƙule cikin zobe ɗaya a tsakiya, to ba sai kun tambaya ba.

A 2010 Zonda R, wadda doka ba ta yarda ta hau titi ba, ta zagaye filin tseren Nürburgring mai kusan kilomita 21 cikin minti 6 da daƙiƙa 47. Direban tsere Lewis Hamilton ma ya mallaki tasa Zondar, ruwan shunayya, mai giyar hannu, har ya buga ta a Monako a 2015.

Ni dai a ganina, ƙarancin nan shi ne rabin hajar. Zonda Cinque, wato "biyar" da Italiyanci, guda 5 ce masu rufi, dillalin kamfanin na Hong Kong ne ya nemi a yi ta. Zonda Tricolore kuwa guda 3. Kuma an sha cewa "wannan ce ta ƙarshe", ko bayan da magajiyarta Huayra ta fito a 2011, amma masu kuɗi suka ƙi sakin layi. A 2017 sai ga Zonda HP Barchetta, ba rufi, gilashin gaba a datse, tayoyin baya a rufe rabi. Guda 3 aka yi, aka yi wa kowace kuɗi wajen Yuro miliyan 15. HP ɗin haruffan farko na sunan Horacio Pagani ne, ɗaya kuma shi ya riƙe abarsa.