FASHIN BAƘI: Yadda ake zaɓen tsohon katin hoto na kwamfutar gem a garuruwan da wuta da sabis ba su da tabbas

A watan Satumba na 2021, mazauna Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka wayi gari wayoyinsu babu sabis. Gwamnatin Jihar Katsina, a ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai, kwanaki kaɗan bayan an ɗauki irin wannan mataki a Zamfara. Sai a watan Disamba aka ba da umarnin dawo da layukan. A daidai wannan lokaci an hana sayar da fetur a jarka, an kuma dakatar da sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama.

Watannin nan uku sun raba na'urori gida biyu. Duk abin da sai da intanet yake motsi ya koma kwalliya. Abin da ke ajiye a cikin kwamfuta kuwa, irin su PES 2013 da GTA San Andreas, bai ma san an yi ba, muddin akwai wutar da za ta tashe shi.

A Turai da Amurka, haɗa tsohuwar kwamfuta domin buga wasannin da aka daina yayi sha'awa ce ta masu begen ƙuruciyarsu. A kudancin Katsina lissafin rayuwa ne. Matashin da ya tara kuɗi zai buɗe shagon gem, ko ɗalibin da ke son kwamfutar da zai yi karatu da ita ya kuma huce gajiya, na'urar da ta dace da shi ita ce wadda ba ta roƙon sabis, ba ta kuma cin wuta da yawa. Sashen da ya fi jawo asara wajen haɗa ta shi ne katin hoto, domin a nan ne ake yawan sayen abin da bai dace ba, a nan ne kuma algus ya fi yawa.

Mene ne katin hoto?

Katin hoto wani allo ne da ake sokawa a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod. Aikinsa zana duk abin da ido ke gani a monita: filin ƙwallo, inuwar ɗan wasa, motar da ke gudu. Yana da ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa, galibi kuma da fankarsa. Kamfanoni biyu ne suka mamaye tsofaffin katunan da ke kasuwa: Nvidia mai GeForce, da ATI mai Radeon, wanda AMD ya saye a 2006.

Kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, yawancinsu ba su da katin hoto na daban. Suna dogara ne da ɗan abin da aka haɗa musu tun daga masana'anta, wanda ya wadatar wajen rubutu da kallon bidiyo, amma yakan sa wasa ya riƙa sarƙewa. Shi ya sa ake nemo kati a ƙara.

Tambaya ta farko: wane wasa za a buga?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar katin da ya fi ƙarfi. Daga wasan ake farawa.

GTA San Andreas ya fito a kwamfuta a 2005, kuma mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne kati mai megabayit 64. Need for Speed Most Wanted shi ma na 2005 ne. PES 6 na 2006 ne, PES 2013 kuma ya fito a 2012. Duk waɗannan, matsakaicin katin da aka ƙera daga 2010 zuwa sama zai ɗauke su ba tare da ya ji nauyi ba. Wanda ya sayi ƙaton kati domin su ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba, zai kuma ci gaba da biya a gidan mai.

Akwai rukuni na biyu, wato wasannin zamanin Windows 98. Waɗannan ne masu tara kayan tarihi ke nema wa katunan Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda ya fara fitar da su a 1996 kafin Nvidia ya saye kadarorinsa a ƙarshen 2000, ko kuma GeForce 4 Ti 4200 na 2002. Ƙarancinsu ya sa farashin wasu ya yi tashin gwauron zabi a ƙasashen waje. Ga mai shago a Faskari, waɗannan ba abin nema ba ne: sun haura shekara 20, kuma idan ɗaya ya mutu samun madadinsa sai an sha wuya.

Tambaya ta biyu: zai shiga kuwa?

Gurbin da ake soka kati iri-iri ne. AGP ya fito a 1997, PCI Express kuma ya fara maye gurbinsa daga 2004. Katin ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Shi kansa AGP ya kasu: akwai mai aiki da bolt 3.3, akwai mai 1.5, kuma haɗa wanda bai dace ba na iya ƙona bod. Duk wanda ba shi da dalili na musamman ya tsaya a kan PCI Express.

Sai girman akwati. Da yawa daga cikin kwamfutocin ofis sirara ne, ba sa ɗaukar kati mai cikakken tsayi, sai gajere mai ɗan ƙaramin ƙarfen ɗauri. Mai saye ya buɗe kwamfutarsa ya auna, ko ya ɗauki hoton cikinta, kafin ya kama hanyar Funtuwa ko Kano. Kuɗin mota zuwa da dawowa domin canjin kati na iya kusantar kuɗin katin, ban da fargabar hanya.

Tambaya ta uku: wuta nawa yake ci?

Nan ne lissafin ya fi shafar aljihu. Gurbin PCI Express na ba da wat 75 ne iyaka, a wasu siraran kwamfutoci ma bai kai haka ba. Katin da ke buƙatar fiye da wannan sai an jona masa wata waya ta daban daga akwatin wutar kwamfuta, alhali akwatin wutar yawancin kwamfutocin ofis ƙarami ne, kuma ba shi da wannan waya.

Misali ɗaya ya wadatar. GeForce GTX 480 na 2010 yana cin wat 250. GeForce GTX 750 Ti na 2014 yana yin kusan irin aikinsa da wat 60 kacal. Bambancin wat 190 ke nan a kwamfuta ɗaya. A shagon da ke da kwamfuta uku ya zama wat 570, wato kusan duk ƙarfin ƙaramin janaretan da ake gani a bakin shaguna. Idan ana aiki awa takwas a rana, kwamfuta ɗaya za ta ƙara cin kimanin yunit 45 na lantarki a wata.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambanci ya daina zama ƙaramin abu. Wanda ke dogara da wutar KEDCO ya san ba kullum take zuwa ba, mai sola kuma ya san kowane wat na dare daga batir yake fita. Katin da aka samu da araha amma yake zuƙar wuta, araha ce wadda ba ta ado.

Wutar da kati ya ci zafi take komawa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40, kati mai cin wat 250 a cikin shago mai rufin kwano yana aiki ne a bakin iyakarsa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Saboda haka katunan da suka fi dacewa da wannan yanki su ne marasa buƙatar ƙarin waya: GTX 750 Ti, ko GT 1030 mai cin wat 30, ko GTX 1050 Ti mai wat 75 ga wanda ke son ya taɓa wasannin baya-bayan nan.

Tambaya ta huɗu: akwai direbansa?

Kati ba ya aiki sai da manhajar da ke haɗa shi da Windows, wadda ake kira direba. GTX 750 Ti yana da direban Windows XP da 7 da 10, abin da ya sa masu tsofaffin wasanni ke son sa. GTX 1050 Ti da GT 1030 kuwa an yi su ne domin Windows 7 zuwa sama.

Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan bai hana su aiki ba, sai dai haɗa su da intanet na da haɗari, kuma bai kamata a shiga asusun banki da su ba. Darasin 2021 a nan yake: a sauke direban kati tun akwai sabis, a ajiye shi a filashi biyu. Ranar da Windows ya lalace kuma babu layi, wannan filashin ne zai hana a rufe shago.

Inda algus yake

Akwai katunan jabu da yawa a kasuwannin duniya. Dabarar ita ce a ɗauki tsohon kati, galibi GTS 450 ko GTX 550 Ti, a sauya bayanan da ke cikinsa domin kwamfuta ta riƙa nuna sunan GTX 1050 Ti, a sa masa sabuwar riga. Yana kunnawa lafiya, amma da wasa ya yi nauyi sai ya tsaya cak. Alama ta farko ita ce shuɗin gurbin VGA, wanda GTX 1050 Ti na ainihi bai saba zuwa da shi ba. Ta biyu ita ce manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, kuma tun 2018 take tona asirin irin waɗannan katuna.

Wani ruɗanin daga kamfanonin kansu yake. GT 1030 iri biyu ne: mai ma'ajiyar GDDR5, da mai DDR4 wanda ya gaza shi nesa ba kusa ba, duk da sunansu ɗaya. GT 730 ma ya fito iri uku. Yawan gigabayit da aka rubuta a kwali ba shi ne ƙarfi ba. Kati mai gigabayit 4 na DDR3 na iya zama ƙasa da mai gigabayit 2 na GDDR5.

Sai katunan da suka gaji. Bayan Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin kirifto a ranar 15 ga Satumba, 2022, ɗimbin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwar kayan hannu. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun sha jiki.

Ƙa'idar dai ɗaya ce, ko a titin Beirut na Kano ake ciniki ko a Computer Village na Ikeja: kada a biya sai an gwada. A soka katin, a buɗe GPU-Z, a kunna wasa na aƙalla minti 20. Ɗigo-ɗigo ko layuka a monita, fanka mai kuka, kafasita mai kumburi, ko bod ɗin da ya sauya launi saboda an gasa shi da injin zafi, kowanne dalili ne na a ajiye shi. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan katin da kwanakin da aka amince za a iya dawo da shi.

Abin da ya wuce ciniki

Waɗannan kaya ba daga sama suke faɗowa ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel ta Afirka a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya a shekara, mafi yawansu daga tashoshin Tarayyar Turai, kuma sama da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki tun kafin a sauke su. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, dokokin hukumar NESREA na 2011 kuma sun haramta shigo da matattun kayan lantarki. Duk da haka suna shigowa, kuma wanda ke can ƙarshen layi, a Sabuwa ko Ƙanƙara, shi ne ke biyan kuɗin sharar wasu. Matacciyar na'ura kuma a bola take ƙarewa, inda ake ƙona ta domin ciro jan ƙarfe, hayaƙin dalma ya shiga ƙirjin yara.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye 'yancin samun kayan da suka dace da bayanin da aka yi masa. Sayar da GTS 450 da sunan GTX 1050 Ti zamba ce, ba rashin sa'a ba, kuma rasit ne hujjar mai ƙorafi.

Su ma 'yan wasan ƙasashen da intanet ya wadata sun fara fahimtar abin da mutanen Katsina suka gani. Da kamfanin Ubisoft ya rufe wasan The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka rasa shi gaba ɗaya, domin ba ya tashi sai da intanet. Koken da ya biyo baya a Tarayyar Turai ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a 2025. Su kamfani ne ya kashe musu wasa, mu kuwa matakin tsaro ne ya ɗauke mana layi, amma sakamakon iri ɗaya ne.

Wanda zai je kasuwa gobe ya rubuta abu huɗu a takarda: sunan wasan da zai buga, irin gurbin kwamfutarsa da tsayin akwatinta, ƙarfin akwatin wutarta, da Windows ɗin da ke kanta. Ya tafi da filashi mai ɗauke da GPU-Z da wasan da zai yi gwaji da shi. Idan mai shago ya ƙi a gwada, ya wuce shago na gaba.