A Ɗanɗana Tun Tukunya Tana Kan Wuta

Duk macen da ta iya miya, ba ita kaɗai ta koya wa kanta ba. Tun tana yarinya take ɗibo romo a ludayi ta miƙa wa wadda ta girme ta: "Inna, ɗanɗana ki ji, gishiri ya ji?" Inna ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce daddawar ba ta nuna ba, ko kuma kukar ta yi gudaji don an juye ta gaba ɗaya ba a kaɗa ba. Wadda ke jin kunyar miƙa ludayin nan ita ce take kai wa ɗakin miji tana kwaɓa wa mutane abin da ba ya ciwuwa. To, masu koyon ɗaukar hoto da yawa irin wannan yarinya ce. Mutum zai ɗauki hoto ɗari a wajen biki, ya zaɓi guda ɗayan da Allah ya taimake shi ya fito, ya sa a intanet, sauran ya goge su kafin wani ya gani. Alhali karatun duk yana cikin waɗanda ya goge ɗin.

Dalili kuwa, kyamara murhu ce mai duwatsu uku. Dutsen farko shi ne faɗin ƙofar da haske yake shigowa ta idon kyamara, wadda ake rubuta ta da lambobi irin su f/2.8 ko f/16, kuma abin haushin shi ne lamba tana girma ƙofar tana tsukewa. Na biyu shi ne tsawon lokacin da ƙofar za ta zauna a buɗe kafin ta ƙifta, wataƙila kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, wataƙila ɗaya cikin 1000. Na uku shi ne ISO, wato yadda kyamarar take zuzuta ɗan hasken da ta samu. Kowa ya san idan aka janye dutse ɗaya tukunya karkacewa take yi, sai an gyara sauran biyun. Ka tsuke ƙofa, dole ka daɗe a buɗe ko ka ɗaga ISO. Ka daɗe a buɗe, hannunka ya yi rawa, hoto ya fito dishi-dishi. Ka ɗaga ISO ya wuce kima, hoto ya yi tsaki-tsaki kamar tuwon da ba a tankaɗe garinsa ba. Haske ya yi yawa, hoto ya ƙone, fari fat, babu ko zanen aikin da ke wuyan riga. Ya yi kaɗan, ya sauka ɗanye.

Ana iya karanta wannan duka a littafi cikin rabin sa'a, kamar yadda ake iya haddace kayan miyar taushe. Sanin wanne dutse ne ya karkace a wannan hoton da ke hannunka, shi ne ke buƙatar harshen wani.

Ɗauki misalin Hawan Daushe a Kano. Da la'asar ake yi, rana ta fara sanyi, ƙura ta turnuƙe Ƙofar Kudu, ga mahaya sun sako dawakai a guje za su yi jahi. Sabon shiga ya danna, ya koma gida ya tarar doki ya zama wani jan hayaƙi mai ƙafa takwas. Idan ya goge, baɗi ma abin da zai kwaso ke nan. Idan ya nuna wa waɗanda suka riga shi, wani zai tambaye shi lambobin da ya yi aiki da su. Ba sai ya tuna ba ma, domin hoton da kyamarar dijital ta ɗauka yana ɗauke da wani ɓoyayyen rubutu da ake kira EXIF, wanda kamfanonin Japan suka fito da shi a 1995: irin kyamarar, faɗin ƙofa, tsawon ƙiftawa, ISO, har rana da lokaci. Kamar a ce miya ta zo da takardar duk abin da aka zuba mata da awonsa. Mai ido ya duba ya ce, "Malam, ɗaya cikin 60 ka sa wa doki mai gudu? Kai shi ɗaya cikin 1000, ka buɗe ƙofa, ka ɗaga ISO." Wani kuma ya ce a'a, ya bar shi a ɗaya cikin 60 ɗin, amma ya riƙa bin dokin da kyamara yana juyawa tare da shi, sai mahayin ya fito sarai, jama'ar da ke bayansa su zama zane, a ga gudun da ido. Daga hoto ɗaya da ya lalace ya samu girki iri biyu.

A da wannan ɗanɗanon tsada gare shi. Fim ɗin da mai hoto yake sa wa kyamara hoto 36 yake ci, ko 24, kuma ba ka san me ka dafa ba sai an wanko. Kyamarar Kodak ta farko, wadda George Eastman ya fitar a 1888, da fim ɗin hoto 100 a cikinta ake sayar da ita; idan ya ƙare sai a aika da ita ɗungurungum zuwa birnin Rochester a Amurka, a wanke, a sake ɗura mata fim a dawo da ita. Girki ne da ba a buɗe murfi sai baƙi sun zauna. Shi ya sa masu sha'awar abin suka riƙa kafa ƙungiyoyi, irin wadda aka kafa a Landan tun 1853, su taru su baje hotuna kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Kyamarar dijital ta farko da Steven Sasson ya harhaɗa a 1975 daƙiƙa 23 take yi kafin ta naɗe hoto guda a kaset. Yau kuwa, tun bayan zuwan Flickr a 2004 da Instagram a 2010, yaron da ke Zariya zai miƙa ludayinsa kafin ƙurar dawakai ta lafa, wani a Damagaram ko Landan ya lasa.

Su kansu gwanayen, tukwanen da suka ƙona sun fi waɗanda suka kai gaban baƙi nesa ba kusa ba. Robert Frank ya zagaya Amurka a tsakiyar shekarun 1950 ya ɗauki hotuna wajen 27,000, amma 83 kacal ya sa a littafinsa The Americans. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka karrama da babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venice a 2007, yaron shago ya fara yi a wajen wani Bafaranshe mai suna Gérard Guillat. Yakan kwana yana bin wuraren rawar matasa, ya wanko hotunan ƙanana-ƙanana, ya liƙa su a kwali da lamba-lamba, masu hoto su zo su zaɓa. Wanda kowa ya tsallake bai saya ba, ai an faɗa masa magana ba da baki ba.

Sai dai ba duk wanda ya lasa ne ya iya ɗanɗano ba. Mafi yawan abin da ake samu a intanet santi ne. "Ma sha Allah", "kai, wannan ya haɗu", a danna alamar zuciya a wuce. Santi yana da daɗin ji, amma babu wadda ta taɓa gyara miyarta saboda an yi mata santi. Ya fi muni idan an lulluɓe hoton da kalolin nan da manhaja take shafawa da dannawa ɗaya. Wannan dunƙulen magi ne: ka jefa biyar a ruwan zafi ma sai a ce ya yi daɗi, kuma miyar gidan kowa ta koma ɗanɗano ɗaya. Mai son a gyara masa, ya kawo abinsa kafin ya barbaɗa komai. Sannan ya yi tambaya mai kai. Wanda ya ce "ya kuka gani?" zai sha santi. Wanda ya ce "fuskar nake so ta fito amma ta yi duhu, ga lambobina, ina na kauce?" shi ne za a zauna a yi masa bayani.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, mai lasa ya tofar a gaban mutane don a san shi gwani ne. Irinsu ba su da wuyar ganewa: maganarsu ta farko ita ce kyamararka ƙarama ce, sai ka sayi ta miliyan kaza. Ni dai ban taɓa jin an ce miya ta yi ƙauri don tukunyar ba 'yar kanti ba ce. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta isa a koyi tsayar da hannu, da zaɓen inda haske yake faɗowa, da lura da turken lantarkin da ya tsiro a kan hular ango.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harshen baƙo. Idan ka ba Bature miyar kuka ya ce ta yi yauƙi, bai yi ƙarya ba, amma ba a gyara miya da maganarsa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ruwan toka. Ka tsayar da baƙin mutum cikin farar babbar riga da tsakar rana, kyamara ta ga farin nan ta tsorata, ta rage wuta, riga ta fito daidai, fuska ta nutse. Magani shi ne ka ja mutumin inuwa, ko ka auna hasken a fuskarsa, ko ka ƙara mata haske da hannunka. Wannan matsala tana da tarihi: daga shekarun 1950 wuraren wankin hoto masu kala suka riƙa daidaita injinansu da katin Kodak mai hoton wata Baturiya, kuma binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako na cikin abin da ya sa aka gyara fim ya riƙa rarrabe launin ƙasa-ƙasa. Haka nan hazon hunturu: wanda bai taɓa ganinsa ba zai ce hotonka ya koɗe, ka ƙara masa kala, alhali haka garin yake a ranar. Ko dishi-dishin ma ba kullum yake aibi ba. Hotuna 11 da suka fito daga abin da Robert Capa ya ɗauka a gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni 1944, lokacin da sojoji suke sauka daga teku ana tsakiyar yaƙi, da yawansu a girgize suke, kuma girgizar nan ce take sa mai kallo ya ji kamar shi ne a cikin ruwan. Ana sauraron kowa, amma mai tukunya ita ta san wa take dafa wa.

Wurin miƙa ludayin ma da lura. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye, ya yar da rubutun EXIF, abin da zai isa hannun mai dubawa miya ce da aka tsarma wa ruwa; a tura shi a matsayin fayil sai ya je yadda yake. Amma a nan kwatancen ya tsaya, domin miya taki ce, fuskar da ke cikin hoto kuwa ta wani ce. Amaryar da aka ɗauka tana tsakiyar hamma, ko almajirin da ke barci a gindin bango, ba su amince a baje su gaban dubban baƙi don wani ya koyi saita ISO ba. Kuma fayil ɗin da aka tura cikakke, idan waya ce ta ɗauka kuma an bar GPS a kunne, har wurin da aka tsaya yana ciki, wato ƙofar gidan mutane. Ana kashe wannan a saitin kyamarar waya kafin a fara ɗauka, a nemi izinin mai fuska, in bai yarda ba a koma kan dawakai da kasuwa da ginin gargajiya, su ma sun isa mutum ya yi ta kuskure a kansu har ya ƙware.